Tarin da Ke Bayan Bango

Auta tana ƙarama ƙwarai ta fara jin sunan. An aike ta shagon kawunta da kwanon abinci, tana tsaye a bakin ƙofa tana jira ya gama yanka wani katako, sai ga wani tsoho a kan keke. Ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ya ɗaga murya: "Tari! Ina kujeruna?" Kawu bai ɗago ba. Zarton ya ci gaba da tafiya, sai dai ya kauce wa layin fensir, abin da ba a saba gani a hannunsa ba. Ya ce wa tsohon ya dawo jibi, ya karɓi kwanon, ko wasan da ya saba yi mata bai yi ba.

Ta koma gida da abin a ranta. A tunaninta na yarinya, duk wanda ake kira Tari ai ciwo ne ke cinsa. Washegari ta ɗauke kwalbar maganin tari daga saman kabad ɗin mahaifiyarta, ta kai masa har da cokali. Matar Kawu ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa. Shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Auta, Allah ya yi miki albarka." Da yamma ya maido wa ƙanwarsa kwalbar. Ranar aka ja wa Auta kunne: wannan suna, ko da wasa kada ta kuskura ta faɗe shi a gabansa.

Sai da ta girma ta tattara labarin, guntu-guntu, wani daga mahaifiyarta, wani daga matar Kawu, kaɗan daga bakinsa shi kansa, shi ma sai an ja shi.

Kawu kafinta ne tun bai kai tsawon teburin aiki ba. Ubansu ya kai shi wajen wani maigida mai zafin hannu, ya fara da share garin katako da miƙe tsofaffin ƙusoshi, har ya kai ga ana cewa ƙofar da ya rataya ba ta kuka. Mutum ne marar yawan magana. Abokinsa ɗaya ne tun suna yara, wani dogon yaro na ƙarshen layinsu wanda kowa ke kira Dogo, shi kuma bakinsa ba ya hutawa. Dogo ya tafi koyon aikin kyamara, ya daɗe, ya dawo da tsohuwar jaka da labari a kansa. Ya ce fim zai yi, irin na kisa da bincike, wanda mai kallo zai manta da gyaɗar da ke hannunsa.

Labarin na wani maigadi ne da aka tsinci gawarsa a ma'ajiyar wani kamfani. Zargi ya faɗa kan wani akawu, wanda ya shiga wurin a ɓoye don buɗe akwatin ƙarfe, amma ya rantse bai taɓa kowa ba. Jami'in bincike na bin sa, shi yana gudu. Dogo yana bukatar ofishin da akwatin yake, sai ya samu wani tsohon sito, ya ce wa Kawu, "Kafinta, gina min ɗaki a cikin ɗaki." Kawu ya gina: bango uku na falanki da aka shafa wa fenti har ka rantse siminti ne, da taga, da ƙofa mai gilashi.

Ranar da za a ɗauki wurin buɗe akwatin, tokarin da ke riƙe da bangon baya ya karye. An riga an kunna fitilu, ɗan wasan ya shirya, babu lokacin gyara. Dogo ya ce, "Kafinta, shiga baya ka riƙe mana shi. Ka yi kamar ba ka duniya."

Kawu ya shiga, ya jingina bayansa da falankin. Wurin ba magana, ba kiɗa, akawu ne kawai durƙushe a cikin duhu yana murɗa makulli, kuma Dogo yana so ya yi tsawo har numfashin mai kallo ya tsaya. Garin katako na zubowa daga sama, kaɗan-kaɗan, daidai hancin Kawu. Ya danne. Ya haɗiye. Idanunsa suka kawo ruwa. Can abin ya ƙwace masa: tari ɗaya, busasshe, gajere, da ɗan fito a ƙarshensa kamar na buta ta tafasa. Haka tarinsa yake tun yana yaro.

Ɗan wasan ya daskare. Ya juyo a hankali yana kallon duhun bayansa, don da gaske ya tsorata. Dogo bai tsayar da kyamara ba. Da aka gama Kawu ya fito yana ba da haƙuri, ya ce a sake. Dogo ya ce zaren fim ya yi ƙaranci, ya bari kawai, za a san yadda za a yi.

An fara nuna fim ɗin a sinimar unguwarsu, kuma rabin waɗanda suka cika ta 'yan layinsu ne: masu wanki, masu gyaran keke, matan da suka goyi Kawu. Har tsakiyar fim komai na tafiya daidai, ba ka jin motsin kowa. Akawu ya durƙusa. Makulli ya fara juyawa. Sai tarin nan, da fitonsa. Daga can baya wani ya ƙwalla: "A ba Kafinta ruwa!"

Ɗakin ya fashe. Aka yi ta dariya, wasu na kwaikwayon tarin, har aka daina jin abin da ake faɗa a allo. Kawu ya sunkuya ya bi ta gefen bango ya fice.

A cikin masu kallo akwai mai sharhin fina-finai na babbar jarida. Bayan 'yan kwanaki Kawu yana zaune a shagon aski, rabin kansa da kumfa, wani ya buɗe jaridar ya karanta da ƙarfi: fim ne wanda ma'aikatansa ba su iya riƙe tari ba, balle mai shi ya riƙe labari. Ba a daɗe ba aka sauke fim ɗin daga sinima. Dogo bai sake yin wani ba. Ya koma ɗaya gefen garin ya buɗe ɗan shagon ɗaukar hoto, na fasfo da na 'yan makaranta. Kawu kuma ya samu suna.

Tun daga nan bai ƙara yarda sun haɗa ido da Dogo ba. Ba faɗa suka yi ba, ko kalma ɗaya ba ta shiga tsakaninsu ba. Kunya ce kawai, wadda kullum ta kwana sai ta ƙara nauyi. Da yake Dogo dogo ne, daga nesa ake hango kansa a cikin taro, sai Kawu ya faɗa shagon da ya fi kusa ya tsaya tayin abin da ba ya bukata. Matarsa ta ce ta haka suka mallaki rariya har sun rasa inda za su rataya. Haihuwa ko rashi a gidan Dogo, ita ake turawa. Takan ɗauki jakarta tana cewa, "Kai ka yi tari, ni nake shan yawo."

Sauran rayuwarsa kuwa ta tafi lafiya. Ya yi bencina na makarantu, ya yi gadajen jarirai, ya aurar da 'ya'yansa a kan kujerun da ya ƙera da hannunsa. Duk gidan da ke cikin dangi akwai abinsa, ko da maratayin tawul ne. Sai dai kullum akwai gorar ruwa a gefen teburinsa, kuma in tari ya taso masa a cikin mutane, tashi yake ya fita waje ya yi shi a bayan gida, ya dawo kamar ya je amsa kira. Sinima kuwa ko ta ƙofarta ba ya bi.

Auta ta gama sakandare, ta kama aiki a wani shagon buga takardu. Wata rana da hantsi, tana jera takardu rediyo na yi a gefe, sai ta ji ana ba da labarin maigadi da akawu da akwatin ƙarfe. Ta tsaya cak. Mutum biyu ne ke hira, wata malamar jami'a da wani mai sharhi. Suka ce fim ne da aka zalunta a zamaninsa, yanzu kuwa duk mai koyon aikin sai an zaunar da shi ya kalla. Sai suka shiga gardama a kan tarin. Malamar ta ce wannan tari shi ne zuciyar fim ɗin, don shi ke gaya maka akwai wani a ɗakin tun kafin akawu ya shigo, kuma shi ne mai kisan. Mai sharhin ya ce a'a, tsoron akawun ne ya yi masa sauti a kunne. Daga ƙarshe aka ce an samo tsohon zaren an wanke shi an gyara, za a nuna ranar Asabar da la'asar a zauren ɗakin karatu, kuma mai fim ɗin da kansa zai zo.

Ko tashi daga aiki ba ta jira ba. Ta tarar da Kawu yana goge ƙafar wani tebur, matarsa na zaune a kan buhun garin katako tana tsinke zare daga rigarsa. Auta ta zayyana musu komai.

Kawu ya ci gaba da gugarsa. Can ya ce, "An wanke shi, kika ce?"

"An wanke, Kawu."

"To sun wanke har da abin?"

"Ai shi suke yabo! Malamar cewa ta yi shi ne zuciyar fim ɗin."

"Zuciya." Ya hura ƙurar da ke kan katakon. "Auta, mutanen rediyo aikinsu ke nan, magana. Ni na san abin da ɗaki cike da mutane ke yi in ya ji wannan abu. Da kunnena na ji. A ce yanzu mutumin nan ya tsufa, a ɗauko shi a zaunar a gaba, a sake yi masa dariya? Kuma ina zaune?"

Matarsa ta ce, "To ka je ka tsaya, tunda zaman ne ba ka so."

"Ke dai ba a magana da ke."

"Ni dai ƙafafuna sun gaji da yi maka gaisuwa. Ran nan da na je gidan Dogo, sai da ya shafa fuskata kafin ya gane ni, idon ya tafi. Kana nan kana gugar tebur, wata rana aiko maka za a yi. Ka ga ranar kuwa, ba ni za ka tura ba."

Kawu ya ajiye abin gugar. Bai ce zai je ba. Amma ranar Asabar da Auta ta iso, ta same shi a ƙofar gida cikin kayansa na fita, da gorar ruwa a hannu.

Zauren ya cika da matasa, waɗanda ba a haifi ko iyayen wasunsu ba lokacin da aka yi fim ɗin. Kawu ya zaɓi kujerar ƙarshe, ta bakin ƙofa. Can gaba, sama da kawunan kowa ko a zaune, ga wani farin kai. Kawu ya kalle shi sau ɗaya ya mai da idonsa kan gwiwoyinsa.

Aka kashe fitilu. Da ofishin ya fito a allo, Auta ta ji ya yi ƙwafa a hankali. "Dubi tagar nan," ya raɗa mata, "ta ɗan karkace. Na gaya masa ya ba ni yini ɗaya." Akawu ya turo ƙofa mai gilashi. Ya durƙusa. Makulli ya fara juyawa. Kawu ya riƙe hannun kujera har jijiyoyinsa suka fito, ƙafarsa ɗaya ta riga ta juya wajen ƙofa.

Tarin ya zo, da fitonsa, tsaf kamar jiya aka yi shi.

Wata yarinya a gabansu ta dafe baki. Wani saurayi ya zame ƙasa a kujerarsa. A gefe wani ya raɗa wa na kusa da shi, "Akwai mutum a ɗakin." A allo akawu yana juyowa a hankali, kuma duk zauren babu mai numfashi. Kawu ya jira muryar nan daga baya. Ya jira. Babu kowa a bayansa sai bango.

Auta ta ji iska ta fita daga ƙirjinsa, doguwa, kamar an saki iskar taya. Hannunsa ya saki kujerar. Ya maido ƙafarsa ciki, ya gyara zama, har ya ɗora ɗaya kan ɗaya. Ya kalli sauran fim ɗin baki buɗe. Da aka zo ƙarshe, jami'in bincike ya saki akawu ya tsaya shi kaɗai a ofishin yana kallon bangon baya, sai rubutu ya fara hawa. Kawu ya taɓo Auta.

"To wa ya kashe maigadin?"

"Haba Kawu, kai da aka yi aikin da kai?"

"Ni ban taɓa kaiwa nan ba."

Aka kunna fitilu, tafi ya ɗauka, aka daɗe ana yi. Matasa suka yi wa Dogo zobe. Kawu ya miƙe ya ce wa Auta su tafi, ya ga abin da ya zo gani, gaisuwar a bar ta sai wani lokaci, yanzu mutane sun yi yawa. Ta san wannan wani lokacin. Tana neman abin da za ta ce ke nan, sai sanyin na'urar zauren, da ya daɗe yana yi masa susa a maƙogwaro, ya gama aikinsa. Kafin ya buɗe gorar ruwa abin ya ƙwace: busasshe, gajere, da fito.

Yarinyar gabansu ta yi ƙara ta yi tsalle gefe. Kawuna suka juyo. Can gaba farin kan nan ya ɗago, yana juyawa kamar mai neman inda iska ke shigowa.

"Kafinta," in ji Dogo. Ba tambaya ba ce. "Wallahi Kafinta ne. Ku riƙe min shi, gudu zai yi!"

Aka buɗa hanya. Kawu ya taka kamar wanda aka kira gaban alƙali. Dogo ya laluba ya kama hannunsa, ya ƙi saki, har aka fito da su waje aka zaunar a kan wani benci a inuwa. Auta ta tsaya a gefe riƙe da sandar Dogo.

Kawu ya fara, muryarsa ƙasa-ƙasa: "Dogo, ni dai na zo ne in ce ka yafe min. Ni na kashe maka fim. Ni na raba ka da aikinka."

"Kai ka me?"

"Tarin nan."

Dogo ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya. "Tsaya. Duk shekarun nan da kake faɗawa shagunan mutane in ka hango ni, kana tsammani ban gan ka ba? Saboda tari ne?"

"To saboda me?"

"Ni na ɗauka kunyar a gan ka da wanda ya faɗi kake ji! Na ce to, Kafinta ma ya bi sahu, bari in rage masa wahala." Ya buga cinyarsa. "Kai amma an yi sakarai. Ka ɗauka ban san yadda ake cire sauti ba? Mai haɗa sauti ya cire shi tun kafin in ce masa komai. Na zauna na kalli wurin babu tarin, sai na ga mutum ne kawai yana buɗe akwati, ko kaza ba za ta tsorata ba. Na ce a mayar min da abina. Har na ce a ƙara masa ƙarfi."

"Ƙarfi ka ƙara masa?"

"Sosai ma. Kuskurena ɗaya, na manta duk layinmu sun san tarinka kamar yadda suka san kukan jakin mai ruwa. Da a wani gari muka fara nunawa, da ba haka ba."

"Amma jarida ta ce..."

"Jarida ta zauna a tsakiyar 'yan layinmu, me kake so ta ce? Kuma fim ɗin ya faɗi, ba ƙarya. A sauran wuraren ba wanda ya yi dariya, haushi suka ji. Mutane sun biya su ga an kama mai kisa an sa masa ankwa, ni kuma na ƙi kama musu shi. Wannan taurin kaina ne, ba maƙogwaronka ba."

Malamar rediyon ta ƙaraso, ta rusuna ta gaishe su. An riga an gaya mata ko wane ne. Kawu ya ce mata, cikin jin nauyi, ita da ta yi ta yabo, gaskiya shi ba da niyya ya yi ba, garin katako ne. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ai mun daɗe da zargin haka. Ba mu ce an shirya shi ba. Wanda ya ji shi ya gane abin da ya samu, ya bar shi, shi muke yabo. Kai kuma muna godiya da ba ka saki bangon ba."

"Ka ji ko?" in ji Dogo. "Ko ita ta fi ka hankali, kuma ba a haife ta ba lokacin."

Kawu ya yi dariya. Auta ba ta taɓa jin irinta a bakinsa ba, dariya har da hawaye, har ta koma tari, kuma bai tashi ya nemi bayan gida ba. A nan kan bencin ya yi abinsa, Dogo na bubbuga masa baya yana cewa a ba shi ruwa. Suka zauna har inuwa ta tsawaita, suna lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage, suna musu a kan wanda ya ƙwalla maganar nan a sinima. Da jikan Dogo ya zo ɗaukarsa, sai da ya sa Kawu ya yi alkawarin zuwa gidansa, akwai wata ƙofa da ke kuka, ta hana shi barcin rana.

A motar komawa gida Kawu ya jingina kansa da gilashi, gorar ruwan na birgima a ƙarƙashin kujera bai ko neme ta ba. Auta ta ɗauka barci ya yi. Sai da suka kusa sauka ya yi magana, idonsa a rufe.

"Auta."

"Na'am, Kawu."

"Na san halina. Yau na ji daɗi, amma gobe zan tashi in ce aiki ya yi yawa, jibi in ce ƙafa ke ciwo. Abin da mutum ya daɗe yana yi ba ya barinsa rana ɗaya. Don Allah, duk ranar da kika ga na fara kawo dalili, kada ki saurare ni. Ki zo shago ki ɗauke zarton daga hannuna, ki sa ni a gaba har ƙofar gidan mutumin nan, ko ina faɗa."